Tamimu Ya Je Dubiya

Tamimu ɗan ƙanin babana ne. A gida ɗaya muka tashi a Aboabo, cikin zangon Kumasi, ni na goya shi, ni na sha zane shi in ya yi rashin ji. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin titi na tsinto ba. Wani da idona na gani, wani shi ya gaya mini bayan komai ya lalace, saura kuwa matan Bronx ne suka kawo mini har cikin shagona ba tare da na tambaye su ba.

Ya riga ni zuwa New York da shekaru masu yawa. A Canal Street ya fara, yana shimfiɗa jakunkunan mata da agoguna a gefen hanya, ido ɗaya a kan mai saye, ɗaya a kan 'yan sanda. Wanda bai taɓa yini a tsaye a wannan titin cikin watan Janairu ba bai san sanyi ba. A nan wani abokin talla ya miƙa masa 'yar kwalba a cikin jakar takarda, ya ce tana ɗumama ƙashi. Ta kuwa ɗumama. Yaron da ko sigari bai taɓa sawa a baki ba a gida, ya gano akwai abin da ke rage wa yini tsawo.

Ya bar mata da 'ya'ya biyu a Kumasi da alkawarin zai ɗauko su. Takardu suka ƙi fitowa. Shekara ta bi shekara har matar, Muniratu, ta gaji ta nemi saki, kuma ni ban ga laifinta ba, ba a zaman aure da wayar tarho. Ta yi wani auren, yaran suka tashi suna ce wa wani Baba. In ya kira su, gaisuwa suke yi masa irin wadda ake wa baƙon da aka ce a je a gaida, daga nan sai shiru, sai a miƙa wa wani wayar. Lokacin da takardun suka fito ba sauran wanda zai ɗauko.

Da na iso na buɗe ɗan shagon abincina a wani lungu kusa da Fordham Road, na tarar ya bar talla ya koma tasi. Yawancin yininsa a filin jirgin JFK yake ƙarewa, cikin layin direbobin da ke jiran fasinja. Wannan aikin ciki ne kawai, bai taɓa sonsa ba. Abin da yake so shi ne Asabar da Lahadi. Makarantar Islamiyyar unguwarmu tana da wata tsohuwar bas, kuma Tamimu ke tuƙa ta. Ya bi gida-gida da safe ya kwashi yara, da azahar ya mayar da su. Ba wani abin kirki ake ba shi ba. Amma ku zo ku ga mutumin a bakin sitiyari. Ya san wanda ke amai in an yi kwana da sauri, ya san wadda ke manta hijabinta, ya san masu faɗa ya raba musu kujera. Ya yi musu Hausa su amsa da Turanci, ya ce sai sun maimaita da Hausa kafin ya buɗe ƙofa, su yi ta dariya suna karya harshe. Duk abin da bai samu ya yi wa nasa 'ya'yan ba, a kan waɗannan ya juye shi. In aka raba shi da bas ɗin nan, an raba shi da komai, kuma shi ma ya san haka.

To, yana sha. Kuma kowa ya sani. Wannan ne abin da har yau in na tuna shi raina ke tafasa. Uwar da ke miƙa masa yaro a bakin ƙofa tana jin warin ta ƙarƙashin kanumfarin da yake tauna. Malaman makarantar suna gani idonsa ja da safiyar Asabar. Me suke cewa? Wai Tamimu ya gaji, aikin tasi ba sauƙi. Ba wanda ya taɓa furta kalmar, don in an furta sai an nemi wani direban, kuma ba wanda ke son tashi da sassafe ranar hutunsa ya kwashi 'ya'yan mutane a banza. Mu a wurinmu muddin ba a faɗi abu da baki ba, to bai faru ba. Ni dai na faɗa masa a fuskarsa, ba sau ɗaya ba. Sai ya yi murmushi ya ce, “Yaya Safiatu, bakinki dai. Ba na taɓawa ko kaɗan in zan ɗauki yara.” Ƙarya yake yi, na sani, ya san na sani.

Wata Asabar a shekarar 2013 ya shigo shagona bayan azahar. Ya ja ni bayan kanta ya ce in kira wata daga cikin iyayen yaran in tambaye ta wani abu, ko mene ne, in ji ko 'ya'yanta sun dawo. Na ce me ya faru? Ya ce ya tsinci kansa a cikin bas a gefen titi, injin a kashe, kujeru duk babu kowa. Ya tuna lokacin da yaran suka shiga a ƙofar makaranta. Bai tuna saukar ko ɗaya ba.

Na kira, na yi kamar ina tambayar kuɗin yadi. Yara suna gida lafiya lau, ina ma jin hayaniyarsu. Na kira wata, haka. Hannunsa ne ya kai su gida, shi ba ya wurin. Ya zauna a kan buhun shinkafa ya rufe fuska. Ban zage shi ba ranar, ba abin da zan faɗa da ya kai wanda yake faɗa wa kansa.

Daga nan ya shiga neman magani, kuma neman ya fi ciwon wahala. Wurin wani malami ya fara zuwa. Ya tarar falon cike da matan da suka san shi tun daga Kumasi, ƙofar ɗakin malam kuma labule ne kawai. Da aka tambaye shi matsalarsa sai ya ce ciwon kai. Ya dawo da rubutun ciwon kai a gora, ya kuwa shanye, tunda sunan Allah ne. Sai wata likita a wani ƙaramin asibiti, 'yar Indiya, wadda ba ta san kowa nasa ba, ita ya iya gaya wa gaskiya. Ta ba shi maganin da zai riƙe shi a kwanakin farko, don ta ce mai sha irin nasa in ya yanke da kansa kwatsam jiki na iya tayar masa. Sannan ta ce magani kaɗai ba zai yi ba. Akwai taron da masu irin ciwonsa ke yi a tsakaninsu, su zauna su yi magana su riƙe juna. Ba a biya, ba a tambayar sunan uba, ba a tambayar takardu. Ta karɓi wayarsa ta nuna masa yadda zai nemo wanda ya fi kusa da gidansa.

Ita a ganinta ta taimake shi. Wanda ya fi kusa da gidansa yana bayan layinsa ne, a ɗakin ƙasa na wani coci, kuma daidai gaban ƙofar akwai shagon askin Kwabena, inda direbobin zango ke yini suna gardamar ƙwallo. Tamimu ya je ya yi ta kai-kawo a titin kamar mai neman abin da ya yar, har wani ya leƙo ya ce, “Tamimu, ka manta hanyar gidanka ne?” Ya wuce. Ya gwada na Harlem, ya hango wani ɗan Gini da suka yi talla tare yana sayar da hula a bakin ƙofar. Ya gwada na Queens, nan ma gefen wurin da direbobi ke shan shayi ne. Garin nan cike yake da irin wannan taro, safe da rana da yamma, amma ga ɗan zango duk wanda ke kusa bai da amfani. Abin da yake nema shi ne wurin da ba Bahaushen da zai taɓa samun dalilin zuwa.

Ya same shi a can ƙarshen Staten Island, inda in ka ƙara gaba kaɗan sai ruwa. Ranar Laraba da yamma ake yi, nan ma a ƙarƙashin coci. Kujerun ƙarfe a zagaye, kofi mai ɗaci a kofin takarda, tsofaffin Turawa da wasu mata biyu. Kowa ya faɗi sunansa na yanka kawai, ya ce shi mashayi ne, sannan ya faɗi abin da ke ransa. Tamimu ya yi makonni yana zuwa bai ce uffan ba. Ranar da ya buɗe baki ya faɗi kalmar a kan kansa, ya ce jira ya yi rufin ya faɗo masa. Ba abin da ya faɗo. Sannu da zuwa kawai suka yi masa, wani tsohon ɗan kwana-kwana ya tura masa farantin biskit.

Ya daina. Da ƙyar, da gumi, da kwanakin da yake kirana ya ce in yi ta magana kawai kada in kashe waya, amma ya daina. Fuskarsa ta washe, ya yi ƙiba, kanumfari ya ɓace daga aljihunsa. Matan unguwa suka ce hala Tamimu aure zai yi.

Ana cikin haka wata Laraba wani sabon mutum ya shigo taron. Dogo, baƙi, dattijo, cikin kwat mai tsada, da tabon salla a goshi. Ya zauna can gefe. Da ya ɗauki kofinsa, Tamimu ya ga leɓɓansa sun yi bisimilla. Da aka zo kansa ya ce sunansa Amadou, da Turancin da Faransanci ya lanƙwasa. Duk nisan da Tamimu ya yi don ya guje wa Bahaushe, ashe wani Bahaushen ma lissafin da ya yi ke nan, suka zo suka haɗu a rami ɗaya.

Mai hankali da ya kawar da kai. Amma wa ya taɓa koya wa ɗan zango ya ga dattijo Musulmi ya wuce bai gaishe shi ba? Ana tashi ya matsa kusa da shi ya rage murya.

“Salamu alaikum. Alhaji, ina wuni?”

Kofin ya kusa suɓuce wa mutumin. Ya dube shi sama da ƙasa. “Wa ya aiko ka?”

“Ba wanda ya aiko ni, Alhaji. Abin da ya kawo ka shi ya kawo ni.”

“Kai ɗan ina ne?”

“Bronx. Asali Kumasi.”

Dattijon ya ce, “Bon. Ba ka gan ni ba.”

“Ni ma ba ka gan ni ba, Alhaji.”

Suka yi dariya tare, irin dariyar mutanen da suka tsira daga haɗari ɗaya.

Alhaji Amadou ɗan Nijar ne, babban ma'aikaci a wata hukumar ƙasa da ƙasa a Manhattan. Shi ba sanyi ne ya koya masa ba. Liyafar ofis ce, inda ake riƙe kofi don kada a zama bare, har kofin ya koma shi ke riƙe da mutum. A cikin ɗakin taro kowa Amadou yake ce masa, amma bakin Tamimu bai taɓa iya kiran sunan gatsal ba. Suka saba. In la'asar ta yi sai su shimfiɗa kwali a bayan motoci a harabar cocin su yi salla, Alhaji na liman. In an tashi Tamimu ya ɗauke shi a tasinsa har Queens, ya sauke shi a kan kwana, ɗan nesa da gidan, ya ƙarasa da ƙafa. Tamimu ya ce taron gaskiya a cikin motar nan suke yinsa. Akwai abin da ba ya fita da Turanci. Yadda kake tsayawa a sahu kana tsoron na kusa da kai ya ji numfashinka, da yadda kake ɗaga hannu a gaban Allah da bakin da ka san abin da ya sha, wannan sai da Hausa, kuma sai ga wanda ya sani.

Sun kusa shekara biyu a haka. Sai Alhaji ya daina zuwa. Laraba ta wuce, wata ta wuce. Tamimu ya kira, ba a ɗauka ba. Ya aika saƙo, shiru. Ya gaya wa tsohon ɗan kwana-kwanan nan cewa zai je gidan ya duba shi. Tsohon ya ce kada ya kuskura. Ya ce ka ci gaba da kira, ka bar masa ƙofa a buɗe, amma gidan mutum ba a zuwa sai ya gayyace ka, don ba ka san abin da iyalinsa suka sani ba.

Tamimu ya ji, amma bai shiga kansa ba. A wurinmu in ɗan'uwanka ya kwanta ba ka taka ka je dubiya ba, ai ba mutum ba ne kai. Waya ba dubiya ba ce. Shi a ransa wannan dokar ta Turawa ce, mutanen da maƙwabcinsu ke mutuwa sai wari ya sanar da su. Ranar Lahadi da ya gama sauke yara, bai ko tsaya canza mota ba. Ya sayi lemo da ayaba, ya kama hanyar Queens a cikin bas ɗin makaranta, da sunan makarantar ɓaro-ɓaro a jikinta da Turanci da Larabci.

Matar gidan, Hajiya Bintu, ta buɗe masa. Mace ce mai tarbiyya, ba ta tsayar da baƙo a ƙofa ta tambaye shi abin da ya kawo shi ba. Ta yi masa maraba, ta kai shi falo, ta kawo ruwa. Falon kuwa cike da baƙi, abokan aikin Alhaji da matansu, an zo cin abincin rana. Aka yi gaishe-gaishe. Ga shi zaune a bakin kujera da ledar lemo a tsakanin ƙafafunsa, sai wani ya tambaye shi daga ina.

“Daga Bronx,” in ji Tamimu. “Na zo duba Alhaji ne. Na ga kwana biyu bai zo ba, na ce ko jiki ne.”

“Bai zo ina ba?” in ji Hajiya.

A nan ya gane abin da ya yi. Tamimu ya iya yi wa kansa ƙarya shekara da shekaru, amma bai iya ƙirƙiro ta nan take a gaban mutane ba. Ya ce, “Wani wuri ne da muke zuwa ranar Laraba.”

Daidai nan Alhaji ya sauko daga bene cikin babbar riga. Kallo ɗaya Tamimu ya yi masa ya san komai. Turaren ya yi yawa, akwai alewa a bakinsa, hannayensa kuma suna cikin riga ba ya son a gan su. Ya koma sha. Idonsu ya haɗu, kuma Tamimu ya ce bai taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babban mutum ba.

“Wane wuri ne kuke zuwa ranar Laraba?” Hajiya ta sake tambaya, wannan karon mijinta take kallo.

Alhaji ya yi gyaran murya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ɗakunan taro ba ya rasa abin faɗa. “Ah, wannan bawan Allah,” ya ce. “Direba ne da ya taɓa ɗauko ni daga filin jirgi. Yana da lalura, giya ta kama shi. Na ji tausayinsa, shi ne nake raka shi wani taro da Nasara ke yi ma irinsu, don kada ya je shi ɗaya. Ban so in faɗi ba, abin da aka yi don Allah ba a tallarsa. Voilà.” Ya juyo. “Ko ba haka ba ne, malam?”

Kowa ya zuba wa Tamimu ido. Magana ɗaya ce a bakinsa, in ya faɗe ta gidan nan ya rushe. Ya dubi dattijon da suka yi salla a kan kwali ɗaya.

“Haka ne, Alhaji,” ya ce. “Allah ya saka da alheri.”

Baƙin suka yi ta sa wa Alhaji albarka. Wani ya yi wa Tamimu nasiha a kan illar giya, har da aya. Ya saurara, ya yi godiya, ya tashi. Hajiya ta rako shi ƙofa kamar yadda ake yi wa baƙo, sai idonta ya faɗa kan bas ɗin. Ta karanta abin da ke jikinta.

“Kai ke tuƙa yaran makarantar nan?”

“Ni ne, Hajiya.”

Ta juya ta koma ciki. Kafin magariba ta kira wata ƙawarta a Bronx da ke da jikoki a makarantar. Na so in tsane ta, amma na kasa. An gaya mata mashayi na tuƙa ƙananan yara, ta yi abin da ya kamata duk mai hankali ya yi. Ita baƙuwa ta yi a yini ɗaya abin da iyayen yaran suka ƙi yi lokacin da yake da amfani.

Kafin Talata labarin ya gama zaga unguwa, kuma ya yi 'ya'ya a hanya. Tamimu mashayi ne, Tamimu na shiga coci, wata ma ta rantse mini an gan shi da gicciye. Matan da suka yi shekaru suna miƙa masa 'ya'yansu suna kawar da hanci, su ne suka zauna a shagona suna dafe ƙirji, wai ashe haka yake, wai Allah ya tsare. Na ce wa ɗaya, ke da bakinki kika ce mini yana tauna kanumfari kamar akuya, yau ne kika san dalili? Ta ɗauki tuwonta ta fita, ba ta sake dawowa ba, kuma ban yi kewarta ba.

Kwamitin makaranta ya kira shi. Shugabansu Malam Rufa'i ya tambaye shi ko gaskiya ne yana sha. Ya ce ya sha, amma ya daina tun shekara biyu. Ko gaskiya ne yana shiga coci? Ya ce ɗakin ƙasa ne, haya ake ba su, ba ruwan taron da addinin kowa. Aka ce akwai Musulmin da zai shaida ya daina? Akwai guda ɗaya tak a duniya, kuma shi ne ya jefa shi cikin wannan hali. Tamimu ya ce babu. Suka ce ya ajiye makulli.

Da aka watse Malam Rufa'i ya ja shi gefe, cikin tausayi har ga Allah, ya ce, “Tamimu, Allah ya rufa maka asiri shekara da shekaru, mu ma muka rufa maka. Wa ya aike ka ka je gaban waɗanda ba Musulmi ba kana tona kanka da bakinka? Da ka yi shiru, wa zai taɓa ka?” Wato laifinsa ba shan ba ne. Laifinsa neman magani.

Ni ban san da Alhaji Amadou a taron ba sai a lokacin, kuma ba Tamimu ne ya fara gaya mini ba. Labarin da Hajiya ta ba ƙawarta ne bai zauna mini ba. Wane babban ma'aikaci ne zai bar ofis kowace Laraba, shekara biyu, ya tsallaka ruwa don ya raka direban tasi? Na tsare Tamimu a bayan shago na ce ya dube ni ya ce ba haka ba ne. Ya sunkuyar da kai. Na ɗauki gyalena na ce yanzun nan zan je gidan Malam Rufa'i. Ya tare ƙofa.

“Yaya, in kika faɗa, ba ni ba ke.”

“Ya yanka ka a gaban mutane, kai kuma kana riƙe masa riga?”

“A ɗakin nan abu ɗaya aka roƙe ni,” ya ce. “Wanda ka gani a ciki, ka bar shi a ciki. Na karya rabi da na je gidansa. Ba zan ƙarasa ba. Kuma shi yana cikin ruwa yanzu, Yaya. Ni na san ruwan.”

Na zage shi, na ce shi wawa ne tun yana yaro. Na kuma yi shiru, don ya roƙe ni. Na yi tsammanin wannan makon zai koma wa kwalba, har na riƙa shinshina shi in ya shigo. Ranar Laraba ya tashi motarsa ya tafi Staten Island.

Bayan wasu watanni makarantar ta yi walimar saukar Alƙur'ani. Yaran da suka sauke duk 'yan bas ɗinsa ne, wasu tun ba su iya ɗaura takalmi ba yake ɗaukarsu. Babban baƙo kuwa Alhaji Amadou, don tun daga wannan abin ya zama abokin makarantar, har sabuwar bas ya taimaka aka saya. Ba a gayyaci Tamimu ba. Ni aka ba kwangilar abinci, shi kuma ya ɗauko mini kuloli a tasinsa, yana shigar da su ta ƙofar baya. Daga nan muna jin lasifika, ana yabon bawan Allahn da ta dalilinsa aka ceci 'ya'yanmu daga haɗari. Ana kiran sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, Tamimu na tsaye da kula a hannu, leɓensa na bin kowane suna.

Ina jera faranti sai ga Alhaji ya fito ta ƙofar bayan, shi kaɗai, kamar mai neman iska. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ga Tamimu ya tsaya cak. Ni bai san ni ba, ya ɗauka mai aiki ce.

“Har yanzu ana yi ran Laraba?” ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

“Ana yi, Alhaji.”

“Lokacin bai sake ba?”

“Bai sake ba. In kana so sai in tsaya a kan kwana.”

Alhaji ya buɗe baki, sai aka kira sunansa a lasifika ya zo ya miƙa kyaututtuka. Ya gyara hularsa ya koma ciki. Tamimu ya tsaya a kan kwanar nan Laraba bayan Laraba, har sanyi ya shigo. Mutumin bai fito ba. A shekarar da ta biyo ya yi ritaya ya koma Yamai, aka yi masa rakiya ta girma har JFK.

Tamimu na nan yana tuƙa tasi. Bai ƙara sa ko ɗigo a bakinsa ba, ni shaida ce, ko da yake ba wanda ya nemi shaidata. Ya je ya roƙi kwamitin sau ɗaya, ya ce a gwada shi, a auna numfashinsa kowace Asabar in ana so. Suka ce iyaye ba za su yarda ba. Da safiyar Asabar yanzu wurina yake zuwa ya taya ni yankan albasa, a can ciki inda ba a ganin titi. In kuma ka shigo unguwar kana nemansa, da yake Tamimu biyu ne, za a tambaye ka wanne, mai shagon waya ko mashayi. Duk shekarun da ya yi yana sha, ba wanda ya taɓa kiransa haka.